Na Tafi Sakkwato da Mutum Ɗari da Arba'in a Aljihu

Tun da na dawo daga Sakkwato ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk yamma in na zauna a fada, kafin a zuba kofin farko wani zai ce, "To Malam Isufu, ƙaƙa ƙasar injuna?" Wani ya tambayi ko gaskiya ne ƙofar ɗakin otel da kati ake buɗe ta. Wani kuma so yake in nuna masa takardar shaidar da aka ba mu. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kuma duk lokacin da na fara sai raina ya ɓaci in tashi in bar shayin. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa saura, ni kuma a ƙyale ni.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne sakataren ƙungiyar manoma ta garuruwa shida da ke yamma da Tajaye. Mutum ɗari da arba'in gare mu. Bara damina ta yanke tun wake yana fure, kuma kafin bazara ta kama gidaje da yawa sun cinye irin da suka ajiye. Sai wani furoje, wato shirin tallafa wa manoma, ya yi alkawarin ba kowane manomi ƙaramin buhu ɗaya na irin wake mai saurin nuna, kafin ruwan shuka. Amma da sharaɗi: ba a ƙara karɓar sunaye a takarda. Dole su shiga wata manhaja ta kwamfuta, abin da muke kira lojisiyel, kuma wanda sunansa ba ya ciki ba shi da iri. Kamfanin da aka ba aikin a Sakkwato yake, don haka aka gayyaci sakatarori na kwana uku, a koya mana, mu zuba sunayen mutanenmu, a rufe ranar Alhamis da la'asar.

An aiko mana da fom tun kafin tafiya. Ana son suna, sunan uba, ranar haihuwa, gari, lambar waya, sai lambar katin ɗan ƙasa "in akwai". Wannan "in akwai" na gani na ce alhamdu lillahi, don zagaya gari shida a zafin nan ina tara katuna aikin mako guda ne. Na bar gurbin babu komai. Waɗanda ba su da waya kuwa, na sa musu lambata.

Ƙungiya tana da tsohon kaye, wato littafin rajista, da muka gada, wanda akuya ta taɓa cin kusurwarsa. A cikinsa kowa yana da sunansa na kati, a gefe kuma ga sunan da aka san shi da shi: Mamman Dogo, Mamman na Bakin Rijiya, Mamman Mai Tumaki, Mamman Abija wanda ya shekara goma yana cin rani a Abijan. Da na zauna gaban tsohuwar kwamfutar ƙungiya na ce wa kaina, Isufu, birni za ka, gaban masu ilmi. Ba za a haska "Mai Tumaki" a bango a yi mana dariya ba. Na kwashe sunayen kati kaɗai, tsaf-tsaf, na zuba su a kile, ɗan ƙarfen nan da ake ajiye rubutun kwamfuta a ciki. Kayen na bar shi a gida cikin akwati.

Safiyar Litinin kawuna Mamman Dogo ya zo raka ni bakin hanya. Shi ne yayan mahaifiyata, kuma shi ya ɗora ni a jaki ya kai ni lakwal, makarantar boko, ranar farko, lokacin da mahaifina ya ce a bar ni ga kiwo. Ya miƙo mini ƙuli-ƙuli cikin leda, ya duba jakata.

"Ina kayen?" in ji shi.

Na ciro kile daga aljihu na nuna masa. "Kawu, zamani ya wuce nan. Duk kuna cikin wanga."

Ya juya shi a tafin hannunsa. "Mu duka? Har da ni da tsawona?"

Muka yi dariya. Ya ce Allah shi kiyaye hanya, in tuna gonarsa an share ta, iri kaɗai take jira.

Ɗan kabu-kabu ya kai ni bakin kwalta a Tajaye. Motar da na samu an rubuta mata mutum goma sha takwas, amma mu ashirin da huɗu ne, ban da rago biyu da aka cusa ƙarƙashin kujeru. Ɗaya daga cikinsu ya jira har na gama gyara zama sannan ya yi fitsari a sabon takalmina. Mai ragon ya dube ni ya ce, "Malam, alheri na." Ban tanka masa ba, don da na buɗe baki da an sauke ɗayanmu a daji.

A Tsarnawa, inda hanyarmu ta haɗu da babban titi, Hajiya Rabi ta Dogarawa ta shigo. Ita ma taron za ta, a madadin ƙungiyar mata. 'Yar kasuwar albasa ce, ta san iyakar nan kamar tsakar gidanta, kuma bakinta ba ya gajiya. Tun kafin mota ta ɗaga ta ciro takardunta ta miƙo mini.

"Malam Isufu, kai da kay yi lakwal, duba mini ko anka buga daidai. Can Malbaza na ba wani mai shago, ni ina hwaɗi shina bugawa."

Na duba. A gurbin suna an rubuta Hawwa ta Gidan Liman, Hawwa Mai Ƙosai, A'i Gajera, A'i ta Bayan Makaranta. Na yi dariya har direba ya waiwayo.

"Hajiya, wanga ba lis ɗin ofis ba na. Wanga kiran suna na wurin biki. Kin ga nawa? Kowa da sunanshi na gwamnati."

Ta karɓe takardunta ta mayar cikin zane. "Ni dai haka na san su. In gwamnati ta san su wani iri, sai ta zo ta raba musu da kanta."

Na ci gaba da yi mata tsiya har Konni. Yau in na tuna wannan dariyar ji nake kamar in mari kaina.

A Konni muka canza kuɗi, aka ba ni nairori dami guda har aljihu ya kumbura, na ji kamar wani attajiri, sai da na sayi ruwan sanyi na gane ba haka ba ne. Muka hau babur zuwa iyaka. Ni mutumin Illela ne ta Nijar, wajen Tawa, ga shi ina shiga wata Illela ta Najeriya. Hausa ɗaya, tufa ɗaya, amma daga ka taka can kowa ya zama Oga. Ma'aikacin da ke duba takardu mutum ne mai fara'a. Ya karɓi katina ya duba, ya karɓi na Hajiya ya duba, sai ya kira abokin aikinsa.

"Zo ka ga wasu kuma. Ɗaya ga Janairu, ɗaya ga Janairu. Baba, ku a ƙasarku rana ɗaya mata ke haihuwa?"

Na yi masa bayani cikin ɗaure fuska cewa mu da aka haifa a ƙauye ba a rubuta ranar ba. Da masu yin kati suka zo, sai su dubi gemunka su ƙiyasta shekara, su sa ma ranar farko ta shekara, shi ke nan. Ya ce ya sani, wasa yake, ya buga mana hatimi. Na wuce ina jin haushin wasan, ban tsaya na yi tunanin abin da ya faɗa ba.

Hanyar Sakkwato ba ta da nisa, tsaye-tsaye ne suka sa muka isa bayan la'asar. Otel ɗin da aka sauke mu yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Kuma e, da kati ake buɗe ƙofa, ku daina tambayata. Nawa katin ya yi aiki sau ɗaya. Na sa shi aljihu tare da waya na fita alwala, da na dawo ƙofa ta ƙi sanina. Na tsaya a baranda da buta a hannu, babu takalmi, har aka zo aka ba ni wani. A garinmu in ƙofa ta ƙi buɗewa ka san kafaɗa za ka sa. Nan ba ka da abin da za ka tura, sai wata 'yar fitila ja tana kallonka.

Abinci kuwa shinkafa ce, rana da maraice, da wani ganye ɗanye da aka yayyanka aka zuba masa farin abu mai zaƙi. Na tambayi fura, aka kawo mini ita cikin kwalbar roba da tambari, sanyi kamar ta fasa haƙori. Ƙuli-ƙulin kawu shi ya riƙe ni kwana ukun nan.

Talata da safe aka fara. Mu kusan talatin ne, daga Bazaga, daga Malbaza, daga wajen Konni, kowa da sabuwar riga. Wani abin da na lura da shi a can, ba a kiran mutum haka kawai. Kowa Injiniya ne ko Dakta ko Shugaba. Har ni aka rubuta mini "Kodineta" a ƙirji. Mai koyar da mu Injiniya Kabiru, saurayi ne mai ladabi, da kwat a cikin wannan zafin, yana durƙusa wa manya in zai gaishe su. Ina so ku riƙe wannan, don duk fushin da zan yi nan gaba, yaron bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Ranar farko duk bayani ne. Ya ce manyan kamfanonin duniya sun daina ajiye kowane aiki a littafinsa. Manhaja ɗaya ce ke riƙe da sito, da ma'aikata, da masu saye, da motocin da ke kai kaya. In buhu ya fita daga sito a Konni, mai zaune a ofis a Yamai zai gani nan take. Wannan na ji shi da kyau, don na san buhuna nawa suka taɓa yin ƙafa tsakanin magaza, wato sito, da gari. Ya ce akwai wata manhajar da aikinta kawai ta tuna da abokin ciniki, me ya saya bara, yaushe zai dawo. Hajiya ta ce a kunnena, "Wanga ai ni ta."

Sannan ya zo kan abin da ya kira girgije. Ya ce yanzu bayanai ba sa zama cikin kwamfutarka, suna can wasu manyan injuna a wata ƙasa, ko kwamfutarka ta faɗa rijiya ba abin da ya ɓace. Wani dattijo daga Bazaga ya ɗaga hannu ya ce, in mutum yana da ƙara, wa zai je ya gani a can? Aka yi dariya. Injiniya ya ce ba a zuwa, saƙo ake turawa. Daga nan ya shiga maganar injuna masu koyon tunani, waɗanda ya ce nan gaba su za su riƙa gaya wa manomi ranar shuka. Ya yi maganar biya ta waya, da kalmar sirri, da ɓarayin da ke shiga kwamfuta daga nesa. Hotunan da yake haskawa a bango duk na wasu mutane ne masu murmushi a cikin sito mai tsabta kamar asibiti. Ban ga mai kama da kawuna ba ko ɗaya.

Na cika shafi goma sha biyu da rubutu. Gaskiya abin ya burge ni. Na kwanta ina ganin kaina na koma gida na zama wani.

Laraba aka zo zuba sunaye. Injiniya ya ce kafin kowa ya zuba nasa, yana son mutum ɗaya a yi misali da lis ɗinsa a bango. Hajiya ta taka mini ƙafa ta ce, "Bari wani shi hwara." Ni kuwa hannuna ya riga ya kai sama. Na miƙa kile ina tafiya kamar ango.

Sunayen mutanena suka fito a bango, layi-layi, tsaf. Injiniya ya ce, "Kun ga aikin ƙwararre. Haka ake so." Na gyara hula. Ya ce yanzu zai nuna mana abin da manhajar ta fi ɗan Adam, wato wanke data. Ya ce a irin wannan rabo mutane kan rubuta suna sau biyu ko uku don su karɓi kaso da yawa, amma ita tana gane maimaici ta haɗe shi wuri ɗaya. Ya danna. Wani abu ya yi ta juyawa, sai bango ya yi kore, aka rubuta an cire maimaici ashirin da uku. Ɗaki ya ɗauki tafi. Ni ma na tafa, har na fi kowa. A raina na ɗauka wasu kurakuran bugu ne ta gyara mini.

Sauran suka zuba nasu. Kowa an cire masa biyu, uku, biyar. Na Hajiya ya shiga, ya yi kore, ba a cire ko ɗaya ba.

Muna cin shinkafar rana ta dube ni ta ce, "Malam Isufu, da mutum nawa kaz zo?"

"Ɗari da arba'in."

"To ni ɗari da sha bakwai na gani a ƙasan bango. Ina sauran sunka tahi?"

Na tashi na bar abincin, na sami Injiniya yana shirya wayoyinsa. Na ce ya buɗe mini garinmu. Ya buɗe. Na ce ya nemo Mahamadu Abdu. Ya fito, guda ɗaya.

"Huɗu na," na ce masa. "Mahamadu Abdu huɗu muke da su."

Ya duba ya ce, "Baba, duba da kanka. Suna ɗaya, sunan uba ɗaya, gari ɗaya, ranar haihuwa ɗaya har shekara, lambar waya ɗaya. Ko ni aka nuna wa haka cewa zan yi mutum ɗaya ne."

Na ce masa sa'o'in juna ne, rana ɗaya aka yi musu kati a gindin bishiya ɗaya, mai rubutu ya dubi furfurarsu ya ba su shekara ɗaya. Ubanninsu kowanne Abdu, don a garinmu in ka jefa tsakuwa kan Abdu za ta faɗa. Lambar waya tawa ce. Ɗaya dogo ne, ɗaya gidansa bakin rijiya, ɗaya tumaki gare shi, ɗaya ya zauna Abijan. Yaron goye ma ba zai haɗa su ba.

"To me ya sa ba ka rubuta hakan ba?" in ji shi, a hankali. "Ka ga na Hajiya, kowace da abin da ya bambanta ta."

Sai na yi abin da mai laifi ke yi, na ɗaga murya. Na ce masa wane irin inji ne za a kawo ƙasar da rabin dattawanta rana ɗaya aka ba su, ba a tambayi kowa ba. Na ce kun zauna cikin sanyi kun yanke cewa duk sunan da ya zo sau biyu ɓarawo ne. Na ce kwana guda kuna gaya mana yadda ake yi a ƙasashen da ba mu taɓa gani ba, ba wanda ya ce mu faɗi yadda ake yi a namu. Har yau ina kan wannan maganar, ban janye ko kalma ɗaya ba. Amma ina faɗa ina jin muryar Hajiya cikin mota, da dariyata.

Ya bari na gama. Ya ce akwai hanya ɗaya. Ba a yarda a canza suna bayan an wanke, don kada a yi maguɗi. Amma in na kawo lambar katin kowanne, manhajar za ta yarda mutane ne daban ta dawo da su. Lambar nan da aka ce "in akwai". Zuwa gobe ƙarfe huɗu.

Na ce ya ƙara mini kwana biyu in je in dawo.

"Baba, wallahi ba ni ke rufewa ba. Sistem ne. An sa masa lokaci, da kansa zai rufe ya tura wa furoje."

"To wa ya sa mishi lokacin? Kai ni wurinshi."

Ya ce ba ya nan, ba ya ma ƙasar, sai dai a tura saƙo. Aka tura. Amsar da ta dawo cikin minti ɗaya ita ce an karɓi saƙonmu, ana godiya, za a duba cikin kwanakin aiki biyar. Na tuna dattijon Bazaga da aka yi wa dariya. A gida in hakimi ya yanke abin da bai yi ba, ka san ƙofarsa, ka san wanda zai raka ka, ka san yadda za ka zauna a ƙasa har ya ji kunya. Nan babu ƙofa, babu wanda zai ji kunyarka.

Layina ba ya aiki a can. Hajiya ce ta miƙo mini wayarta mai layin Najeriya. Na kira mai ɗakina Hadiza, wadda ta yi lakwal har aji shida, ta iya karanta lamba. Na gaya mata sunaye ashirin da uku na ce ta bi gida-gida. A nan ma kayen ya yi mini rana, don sai da ta buɗe akwati ta ciro shi sannan ta gane wane Ibrahim Musa nake nufi da wane.

Alhamis ɗin nan ban ji ko kalma ɗaya daga darasin ba. Ana can ana bayanin yadda injuna za su canza noma, ni ina baranda da waya a kunne. Hadiza ta ɗauki ɗan kabu-kabu tun da hantsi. Rezo, wato sabis ɗin waya, ya zo ya tafi. Ta karanta lamba, in rubuta a hannu, in ruga in ba Injiniya, shi kuma ya bar koyarwa ya shigar. Wani yana gona mai nisa da makullin akwatinsa a wuya. Wani ɗansa ya tafi da katin Agadas. Wata ta ce ba ta ba kowa katinta sai mijinta ya dawo daga kasuwa. Zuwa azahar mun dawo da tara, zuwa ƙarfe uku sha huɗu.

Na ce mata, "Su Mamman fa? Je ki wurin kawu."

Ta ce ta je tun da safe. Na Bakin Rijiya gara ta cinye katinsa tun bara. Mai Tumaki ya bi dabbobinsa arewa, sai jibi. Abija ya ce nasa ya ɓace a hanyar dawowa. Kawu kuma yana da nasa, amma ya jiƙe a wata damina, lambar ta goge, hoton kaɗai ya rage.

"Malam," in ji ta, "ya ce in hwaɗa maka kak ka damu, ai kai ka san shi."

Ƙarfe huɗu daidai bango ya canza launi, aka rubuta an rufe. Mutum tara suka rage a waje, uku daga ciki Mahamadu Abdu. Injiniya ya zo ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce in yi haƙuri, zai rubuta a rahotonsa a ƙara gurbin laƙabi. Na yarda zai rubuta. Daga nan aka jera mu a tsakar otel, aka miƙa wa kowa takardar shaida mai zanen zinariya a gefe, mai hoto ya ce mu yi murmushi. In kun ga hoton, ni ne na ƙarshe a dama.

Dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Ma'aikacin iyaka ya gane mu ya ce, "'Yan Janairu an dawo?" A wannan karon ban ji haushinsa ba. A Tsarnawa Hajiya ta sauka, ta leƙo ta taga ta ce matanta za su ga abin da za su iya tsakurowa in iri ya zo, amma kada in sa rai da yawa, kowa gonarsa buɗe take. Na yi mata godiya, na kuma ba ta haƙuri kan maganar mota. Ta ce ta manta, amma na san ba ta manta ba.

Na isa gida na yi niyyar zuwa wurin kawu in gaya masa da bakina. Kwana goma ina niyya. In na hango shi tafe sai in bi wani lungu. Amsar saƙon nan ta zo a rana ta shida, cewa lis ya riga ya tafi, a tuntuɓe su a zagaye na gaba.

Motar iri ta zo ranar wata Asabar da hantsi, hadari yana ta haɗuwa a gabas. Aka sauke buhuna a gindin bishiyar da muke taro, ma'aikacin furoje ya miƙo mini takardar da injin ya buga ya ce in kira. Mutane sun zauna a ƙasa, garuruwa shida. Na fara kira, kowa ya taso ya dangwala yatsa ya ɗauki buhunsa. Na yi ta jan ƙafa, ina gyara tabarau, ina shan ruwa, amma layin ya zo.

"Mahamadu Abdu."

Mutum huɗu suka miƙe. Mai Tumaki ya dawo daga arewa takanas saboda ranar. Suka tsaya suna kallona, ma'aikacin yana kallon takarda, ga buhu ɗaya a gabansa.

"Wanne daga ciki?" in ji ma'aikacin.

Na buɗe baki zan fara bayanin wanke data da girgije da sistem, duk abin da na cika shafi goma sha biyu da shi. Kawu ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Isufu, Hadiza ta hwaɗa muna tun rannan. Mun taso ne mu ji ko kai za ka hwaɗi." Ya dube ni. "Ran da na kai ka lakwal, ba don ka iya sunan gwamnati ba na. Gwamnati ta iya abinta. Don in anka zo da takarda a samu wanda ya san wane na wane."

Ya juya ya ce wa na Bakin Rijiya ya dangwala, tunda shi ya fi su iyali. Ya kwance rawaninsa ya shimfiɗa a ƙasa, aka aika gida aka kawo tiya. Suka durƙusa su huɗu, aka farke buhun, kawu yana awo yana zubawa kashi huɗu. Abin da kowa ya samu ba zai rufe kusurwar gona ba.

Sunana ne ya zo bayan layi biyu. Na ɗauki buhuna na kai gaban rawanin na ajiye, na ce a haɗa a raba. Kawu bai ɗago kai ba. Ya sa bayan hannu ya turo mini shi.

"Ɗauki abinka," in ji shi. "Kai injin ya gane ka."

An yi ruwan shuka bayan kwana uku. Buhun yana nan a ɗakina, jingine da akwatin da kayen ke ciki, har yau ban farke shi ba.